Inabin da Ke Rataye a Bangon Antwerp

A watan Disamba, kafin ƙarfe biyar duhu ya rufe birnin Antwerp na ƙasar Beljiyam. Sanyin dai ana sabawa da shi. Abin da ke ci mini rai shi ne mangwaron kantunan nan, wanda ake tsinkowa ɗanye ya nuna a hanya, ba ƙamshi ba zaƙi. 'Ya'yan itatuwan da suka fi sa ni haɗiyar yawu a garin nan na fenti ne.

A cikin zanensu, tsoffin masu zanen garin kan kitsa inabi, ɓaure, rumman, lemun tsami da zangarniyar alkama, su rataye su a jikin ƙusa, su kewaye wani hoto na addininsu. Jan Brueghel Babba da Hendrick van Balen ne suka fara salon wajen 1608, da furanni, don Kadinal Federico Borromeo, babban limamin Katolika na Milan: ɗaya ya zana kitson, ɗaya ya zana tsakiya. Gwanin 'ya'yan itace kuwa, a ganina, Jan Davidsz de Heem ne, wanda shi ma baƙo ne a nan, haifaffen Utrecht ne a ƙasar Holan. Zanensa na 1648 yana Biyana, babban birnin Austriya.

Aikin hawa-hawa ne. A kan katako, ana fara shafa alli da aka dama da gam ɗin fatar dabba, a goge ya yi sumul. Sai a shimfiɗa wa kowane ɗan itace kala guda a mazauninsa, a bari ya bushe sarai. Daga nan ake bi da fenti mai ruwa-ruwa da aka kwaɓa da man linsid (man ƙwayar wani tsiro), kowane shafi ya fi na ƙasansa mai. In aka juya wannan, ko aka yi gaggawa, na sama ya riga na ƙasa bushewa, fentin ya tsattsage.

Inabi ne ke tona asirin mai zane. Farin hazon nan na jikinsa, kamar ƙurar hunturu a gilashin mota, ana yin sa da farar dalma da ɗan shuɗi, a shafa sama-sama da buroshi kusan busasshe. A ƙarshe a ɗiga fari a gefen da haske ke shigowa, har siffar taga ta bayyana. Inuwa mai duhu a bayan kitson ce ke turo shi waje har hannu ya so kai masa.

Ganyen da ake gani shuɗi yau ba kuskure ba ne. Kore aka yi shi, rawayar tsiro a kan shuɗi, haske ya cinye rawayar.

Kuma ba a taɓa ganin kitson nan a zahiri ba. Ceri, wani ƙaramin jan ɗan itace, na Yuni ne, inabi na Satumba. Daga zane-zanen da aka tara ake haɗa su. Da ina da irin hannun nan, mangwaron tsakar gidanmu zan kitsa da goruba da ɗinya da kanya. Inna ta ce bana bishiyar ta yi fure sosai, ƙannena har sun fara rabon rassa tun 'ya'ya ba su fito ba. Reshen da ke kan rijiya, wanda nawa ne a da, Auta ta karɓe shi.