Wuraren yada zango nake fara tsarawa kafin nisan hanya

Na daɗe ina auna doguwar tafiya a mota da yawan kilomitan da na ci a yini, sai daga baya na lura cewa tafiye-tafiyen da na yi da wannan lissafi ba su bar mini abin tunawa ba. Waɗanda suka zauna mini a zuciya su ne waɗanda na kashe mota a cikinsu, na fito na taka ƙasa, na ci abinci a natse. Shi ya sa yanzu, idan tafiyar kwana biyu ko uku ta kama ni, wuraren tsayawa nake fara yi wa alama a taswira, sannan nisan kowane yini ya biyo baya.

Alaƙar mota da abinci da buɗe ido tsohuwa ce. A shekarar 1900, lokacin da motocin Faransa ba su wuce 'yan dubbai ba, kamfanin taya na Michelin ya fara raba wa direbobi wani ɗan littafi kyauta, mai ɗauke da taswira da wuraren samun mai da masauki. Manufarsa ta kasuwanci ce, domin idan mutane suka yawaita tafiya, taya za ta riƙa cinyewa. A 1926 ya fara ba gidajen abinci tauraro, kuma ma'anar da aka ba taurarin daga baya tana burge ni, saboda da idon matafiyi aka auna ta: tauraro biyu na nufin wurin ya cancanci a ratse hanya dominsa, uku kuwa ya cancanci a yi tafiya takanas.

Yawancin abincin da matafiyi zai ci ba a irin waɗannan wurare yake ba, a ƙananan gidajen abinci na bakin hanya yake, kuma a nan ne ake bukatar lura. Ni dai wurin da mutanen garin suka cika nake nema, domin inda ake ciniki sosai tukunya ba ta daɗewa a ajiye. Hukumar Lafiya ta Duniya tana gargaɗin cewa ƙwayoyin cuta sun fi saurin yaɗuwa a abincin da zafinsa yake tsakanin digiri 5 da 60 a ma'aunin Salshiyas, kuma kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba a kan wuta ko cikin sanyi ba. Wannan ya shafi guzurin da aka taho da shi daga gida ma, musamman idan ya wuni a cikin mota mai zafi. Ana yawan cewa a ci inda manyan motoci suka yi layi, amma ban ɗauki wannan a matsayin hujja ba, domin wani lokaci faɗin filin ajiye mota ne ya tara su.

Abin da ya fi damuna shi ne lokacin cin. Jikin ɗan Adam yana yin kasala da kansa tsakanin ƙarfe biyu da huɗu na rana, kuma abinci mai nauyi yana ƙara mata ƙarfi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, wato gyangyaɗin daƙiƙa uku ya isa ta wuce mita 80 babu mai iko da sitiyari. Ƙa'idojin hanya na Birtaniya suna ba da shawarar hutun aƙalla minti 15 bayan kowace awa biyu, Tarayyar Turai kuma ta wajabta wa direbobin manyan motoci hutun minti 45 bayan tuƙin awa huɗu da rabi. Saboda haka nake sanya buɗe ido daidai bayan abincin rana: a ci kaɗan, a fita a zaga gidan tarihi ko bakin kogi da ƙafa, lokacin da za a koma mota kasalar ta sake jiki.

Wuri ɗaya ko biyu a yini ya ishe ni, domin wanda ya jera shida ba ya ganin ko ɗaya da kyau, hoto kawai yake ɗauka yana duba agogo. Sau da yawa ma abin kallon yana kan tsohuwar hanyar da sabon titi ya kauce wa. Hanya mai lamba 66 a Amurka, wadda aka kafa a 1926 daga Shikago zuwa Los Anjalas, tsawon kusan kilomita 4,000, an cire ta daga jerin manyan hanyoyin ƙasar a 1985, amma har yau mutane suna zuwa daga nesa su bi ta saboda ƙananan garuruwanta da gidajen abincinta.

Da yamma ina ƙoƙarin isa masauki kafin rana ta faɗi. Sai na ajiye makullin mota nake zama in ci abinci mai nauyi, kuma a nan nake tambayar mai gidan abincin abin da ya kamata in tsaya in gani washegari kafin in bar yankinsu.