Godiya bayan aikin da aka yi mini, da nauyin da zan sauke wa mai ɗakina

Assalamu alaikum 'yan'uwa da abokan arziki.

Alhamdu lillahi, yau kwana 12 da yi mini aiki a Kano, jiki ya yi sauƙi har na fara takawa masallaci. Duk wanda ya tako ya zo dubiya, daga cikin gari har Gumel da Maigatari, da wanda ya bugo waya, da wadda ta aiko yaro da ƙwaryar fura, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Ba zan iya bin ku gida-gida ba, shi ya sa na rubuta a nan.

Da yawanku kun shigo kuna cewa "sannu, ashe gwaiwa ce", ni kuma na amsa sannun na bar ku a haka. To ba gwaiwa ba ce, aikin neman haihuwa ne, kuma matsalar a jikina take. Na nemi shawarar mai ɗakina kafin in rubuta, ta ce ba sai na faɗa ba. Na ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A bainar jama'a aka ɗora mata laifin nan shekara 9, a bainar jama'a ya kamata in sauke mata shi.

Tun da aka ɗaura mana aure ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. An ce sanyi ne, an ce namijin dare ne, an ce ɗaure mata mahaifa aka yi. Ta sha rubutu, ta sha sassaƙe da jiƙo, ta yi hayaƙi har idonta ya yi ja, akuyoyinta 4 duk a nan suka ƙare. Ni kuwa babu wanda ya taɓa miƙo mini ko cokali ɗaya ya ce in sha. Akwai ranar da ta je barka, ta ɗauki jariri tana masa wasa, wata ta miƙo hannu ta ce "kawo shi nan, ke ba ki saba ba". Ta dawo ta ajiye mayafi ta tuƙa mana tuwo, ko loma ba ta kai baki ba. Cikin dare na ji tana kuka ƙasa-ƙasa, na yi kamar barci nake. Wannan daren har yau ina neman gafarar Allah a kansa.

Godiyata ta farko ga malamar asibitin da muka samu a Gumel bara, bayan an gama kaɗe riɗi. Na kai mai ɗakina ne kawai, na samu inuwar darbejiya na zauna, sai aka leƙo aka ce ana kiran maigidan. Da na shiga ta tura ƙofa, ta kife wayarta a kan tebur. Ba ta fara da zancen magani ba. Tambayarta ta farko ita ce, "Kuna samun barci kuwa? In abin ya dame ku, wa kuke faɗa wa?" Mai ɗakina ta fashe da kuka. Malama ba ta yi saurin cewa "yi haƙuri" ba, ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta zuba mata ruwa a kofi. A shekarun nan duka ban taɓa ganin wanda ya saurare ta haka ba, har da ni.

Sai ta juyo kaina. Ta ce idan ma'aurata suka shekara guda suna tare babu ciki, su biyun ake dubawa, domin a kusan rabin masu wannan matsala akwai hannun namiji a ciki. Ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 cewa kusan mutum 1 cikin 6 na haɗuwa da wannan jarrabawa a rayuwarsa, don haka kada mu ɗauka mu kaɗai ne. Na ce, "Malama, ai ni lafiyata ƙalau." Ta ce, "Malam, ƙarfin namiji a shimfiɗa daban, ƙwayar haihuwa daban. Gwajinka ya fi nata sauƙi da araha, me zai sa a fara da hoton mahaifa mai ciwo?" Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kunyata ni a gaban iyalina ba. Allah ya sa ki gama da duniya lafiya, Malama.

Duk da haka sai da na yi wata 2 ina juya maganar. Malam Liman ne ya ƙarasa ni. Na same shi bayan sallar Asuba, mutane sun watse, na faɗa masa komai. Ya karanto mini aya ta 49 da ta 50 a Suratus Shura, inda Allah yake cewa yana ba wanda ya so 'ya'ya mata, ya ba wanda ya so maza, ko ya haɗa masa duka, ya kuma bar wanda ya so ba haihuwa. Ya ce, "Ka lura, ayar ba ta ware mace ba." Ya tuna mini Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ba ta haihu ba, kuma hakan bai rage mata komai a daraja ba. Ya ce in riƙe addu'ar Annabi Zakariyya, in kuma tafi asibiti, neman magani ba ya karya tawakkali. Daga ranar zuwa yau ban ji maganar a bakin kowa ba. Allah ya ƙara wa Malam lafiya.

Aminina kuma, wanda muka taso tare tun makarantar allo, shi ya raka ni asibitin Malam Aminu Kano. Sau 2 aka yi mini gwajin maniyyi, kowanne sai na yi kwana 3 ban kusanci iyali ba. Ranar da takarda ta biyu ta fito, likita ya duba ni a tsaye, ya ce jijiyoyin jini ne suka kumbura a marainata ta hagu, jini yana taruwa yana ɗumama wurin, alhali ƙwayoyin haihuwa ba sa son zafi. Ya ce kusan maza 15 cikin 100 suna da wannan, da yawansu suna haihuwa ba tare da sun sani ba, wasu kuma sai an ɗaure jijiyoyin. Bai yi mini alkawarin komai ba, kuma na gode masa da wannan gaskiyar. Na fito na zauna a benci da takardar a hannu, ƙafafuna sun ƙi ɗaukata. Aminina bai ce uffan ba. Ya zauna kusa da ni har aka kira La'asar, sannan ya dafa kafaɗata ya ce, "Tashi mu yi salla."

Yaya ya kai ɗan bijiminsa kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya kawo mini kuɗin a ƙulle, bai tambayi ranar biya ba. Gwaggo, wadda ita ma Allah bai ba ta haihuwa ba amma ta riƙe yara 6 ta aurar, shekara da shekaru ɗakinta ne mafakar mai ɗakina da wasu mata biyu masu irin damuwarta. Bayan an tashi Islamiyya sukan zauna suna ɓarar gyaɗa suna faɗa wa juna abin da ba ya faɗuwa a gidan miji. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, na yarda.

Inna ta daɗe tana cewa in ƙara aure, kuma na san son ganin jika ne. Daren da na faɗa mata sakamakon ta yi shiru mai tsawo, sannan ta laluba takalminta, ta ɗauki tocila ta nufi ɗakin surukarta. Ina daga tsakar gida na ji ta ce, "'Yar nan, ki yafe mini." Inna, Allah ya ja kwana, abin da kika yi ba kowace uwa ke iyawa ba.

Ke kuma uwargida, da na miƙa miki takardar ina jiran gori ko da na kalma ɗaya ne, cewa kika yi, "Malam, da ni da kai ai duk ɗaya ne, Allah ya ba ka lafiya." An kira ki juya a bakin rijiya kin haɗiye. Ina shaida wa duk mai karanta wannan cewa an duba ki, ba a ga wata matsala ba. Ki yafe mini shirun da na yi.

Har yanzu babu ciki, kuma ina roƙon kada a tare ta da "ya ake ciki?" Likita ya ce sabuwar ƙwaya tana ɗaukar kimanin kwana 74 kafin ta nuna, don haka sai bayan wata 3 za mu koma a sake gwaji. Ku sa mu a addu'a. Duk ɗan'uwan da yake son sanin yadda ake bi, ya same ni a ƙofar gida bayan Isha'i, maganar ba za ta wuce mu biyu ba, kuma ranar da zan koma Kano sai mu shiga mota ɗaya.