Sati na bakwai a kan kiɗan Danny Cedrone

'Yan uwa masu koyon jita, yau sati bakwai ke nan ina kan abu guda, wato wurin nan a cikin waƙar "Rock Around the Clock" inda mawaƙin, Bill Haley, yake yin shiru ya bar wa mai jita, Danny Cedrone, fili. Duka-duka bai kai daƙiƙa ashirin ba, amma shi ne ya cinye mini duk yammacin da nake samu bayan na taso daga aiki.

Sashen farko ne ya fi ba ni wuya. Kaɗi ne mai sauri a kan siraran tsirkiyu, hannun dama yana sauka yana hawa ba hutu. Waƙar tana gudu wajen bugu 180 a minti, ni kuwa na fara daga 90. Na rage saurin bidiyon zuwa rabi a YouTube, na yi ta saurare har kunnena ya iya raba sauti da sauti. A sati na uku na gano kuskurena: ina damƙe 'yar robar kaɗawa kamar za a ƙwace mini ita, kuma daga gwiwar hannu nake kaɗi. Minti biyar sai dantsena ya sage. Da na sassauta riƙon, na bar ɗan tsininta kawai ya leƙo tsakanin babban yatsa da manuni, na mayar da motsin zuwa wuyan hannu, sai sautin ya fara fita tas. Yanzu ina kan 140 ba tare da tuntuɓe ba. Idan na matsa zuwa 150 hannun hagu yana makara, sautin ya cakuɗe.

Gangarar ƙarshe kuwa, inda yake sulalowa daga sama gaɓa bayan gaɓa har ya dire a kan kauraran tsirkiyu, har yanzu a hankali nake bin ta. Ƙaramin yatsana ya yi kanta saboda ita.

Abin da ya hana ni ajiye wannan darasi shi ne labarin mutumin da ya kaɗa shi. Na daɗe ina zaton wanda nake gani a tsofaffin bidiyo tare da Comets, ƙungiyar makaɗan Haley, shi ne mai kiɗan. Ashe ba shi ba ne. Wancan Franny Beecher ne, gwani a karan kansa, amma daga baya ya shigo. Wanda yake cikin faifan shi ne Danny Cedrone, mutumin Filadelfiya, yana da tasa ƙungiyar, Haley yana kiransa ne kawai idan za a ɗauki waƙa. An ɗauki waƙar ranar 12 ga Afrilu 1954 a situdiyon Pythian Temple da ke New York, don kamfanin Decca. Yawancin lokacin situdiyo ya tafi a kan wata waƙa daban, "Thirteen Women", wadda aka sa ran ita za ta yi kasuwa. Da lokaci ya ƙure, sai Cedrone ya maimaita kiɗan da ya riga ya yi wa Haley a 1952 cikin "Rock the Joint". Ku nemi waƙoƙin biyu ku saurara a jere, za ku ji layi ɗaya ne, sai dai na 1954 ya fi kaifi. Ladansa na wannan rana dala 21.

Ranar 17 ga Yuni na wannan shekara ya faɗo daga matakala ya rasu, saura kwana uku ya cika shekara 34. Sai a 1955, da aka sa waƙar a farkon fim ɗin "Blackboard Jungle", ta karaɗe duniya, ta yi sati takwas a saman jerin waƙoƙi a Amurka. Bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. Sunansa bai shiga zauren karrama mawaƙan rock and roll ba sai 2012, tare da sauran Comets. Duk lokacin da na zo gangarar nan ina tuna cewa mutum ne mai iyali da ya je aikin yini guda, ya karɓi abin cefane, ya koma gida.

A ganina mu masu koyo muna da laifi a nan. Mukan riƙe sunan mai waƙa, mu manta da hannun da muke kwaikwayo. Tun da na fara tambayar wa ya kaɗa, kunnena ya canja. Na gane cewa matashin da ya kaɗa "Susie Q" ta Dale Hawkins a 1957 shi ne James Burton, wanda yake sa tsirkiyun banjo a jitarsa don su yi laushin lanƙwasawa. Na gane cewa a "Little Sister" ta Elvis, ta 1961, Hank Garland ne ya ja gaba da jita. Shi kuwa Grady Martin jitarsa tana cikin faya-fayan da aka ɗauka a birnin Nashville da yawa ba tare da an rubuta sunansa a bango ba.

Ga wanda zai gwada layin Cedrone, kada ya fara da sauri. Ku kashe duk wata kwalliyar sauti, ku bar jita tsurarta, domin shi ma da Gibson mai ƙoƙon ciki ya kaɗa, salonsa kuma na 'yan jaz ne, kowane sauti a fili yake. Ku ɗauki kanku a waya ku saurara washegari da safe. Ni a nan na ji cewa ina rigan bugu a tsakiyar kiɗan, abin da ban taɓa lura da shi ba ina cikin kaɗawa.

Idan na kai 160 zan koma kan Cliff Gallup, wanda ya yi wa Gene Vincent kiɗa a 1956, ya bar yawon wasa ya koma Bajiniya ya kama aiki a hukumar makarantu. Shi yana haɗa robar kaɗawa da ƙarafan yatsa a na tsakiya da na zobe, kuma na riga na sayo nawa. Wanda ya taɓa gwada kiɗan Gallup na waƙar "Race with the Devil" a cikinku, don Allah ya gaya mini ta ina ya fara.