Kumburin ya sace, sai suka koma ƙauye

Wallahi har yanzu abin na cina a rai. A grup ɗinmu na mata muka fara tara kuɗin alluran kemo, wato maganin da ke kashe ƙwayoyin daji, don yara masu ciwon daji, tarawar ba ta ba mu wahala ba, mutanen Kano akwai hannun kyauta. Abin da ba mu taɓa kawowa ba shi ne da zarar yaro ya ji sauƙi za a gudu da shi.

Akwai dajin da likitoci ke kira Burkitt, mai kumbura muƙamuƙi ko ciki, saurin girma gare shi amma yana saurin jin magani. An kawo wani yaro haɓarsa ta kumbura har haƙora na girgiɗi, sai kunu ake ɗura masa da cokali, zagaye ɗaya na kemo kumburin ya sace har yana wasa a baranda. Ranar komawa ta zo shiru. Na kira babansa, ya ce "Hajiya ai ya warke, ga damina ta kankama, kuɗin mota ma sai na ɗaga akuya." Na ce Malam don Allah ka dawo da shi, ciwon bai fita daga jiki ba. Sai bayan girbi suka zo, kumburin ya dawo, wannan karon ya ƙi jin magani. Ga alluransa mun biya tun tuni, kuɗin mota ne kawai fa!

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki sama da kashi 80 cikin ɗari na yara masu ciwon daji suna warkewa, a yawancin ƙasashe irin namu bai kai 30 ba, tun 2018 take burin a kai 60 nan da 2030. Toh ta yaya, in ana yanke magani a tsakiya?

Yanzu kuɗin mota muke fara warewa, zuwa da komawa, da abincin mai jinya da masu ba da jini, sannan magani. Ranar farko muke zaunar da uba da kaka, don kakar ce ke cewa daji ba ya son allura, mu gaya musu kumburi zai tafi, gashi zai zube, kada ɗayansu ya sa a tsaya. In ranar allura ta matso mu yi ta kira har sai mun ji sun hau mota. Wurin kwana kusa da asibiti ne har yau muke nema ba mu samu ba.