Kafin a tayar da masaƙun Kakuri, a waiwayi teloli

Duk sanda zaɓe ya matso sai an yi mana alƙawarin farfaɗo da masaƙun Kaduna da Kano. Ni ɗan ma'aikacin masaƙa ne. Baba, Allah Ya jiƙansa, a Kakuri, unguwar masaƙun Kaduna, ya ƙarar da ƙarfinsa a gaban injin kaɗi, da albashin nan aka sa mu makaranta, da shi aka aurar da yayyena. Don haka babu wanda ya fi ni son ya sake jin jiniyar canjin aiki a unguwar nan. Sai dai yau sana'ata ɗinki, ina da shago a Kano da yara masu aiki a hannuna, kuma abin da nake gani daga kan keke ya sa na daina yarda cewa daga masaƙa za mu fara.

Masaƙar Kaduna Textiles (KTL) ta fara aiki a 1957, da haɗin gwiwar gwamnatin Sardauna da wani kamfanin Ingila. Masaƙar United Nigerian Textiles (UNTL) ta biyo baya a 1964, ga Arewa Textiles, ga sauransu. Auduga na zuwa daga Funtuwa da Gusau da Malumfashi, wuta na nan, baƙin mai na nan. Daga 1986 da aka shigo da tsarin SAP na gyaran tattalin arziki darajar naira ta zube, kayan gyaran inji da sinadaran rini suka yi tsada, wuta ta fara wasa. A 1997 aka buɗe ƙofar shigo da yadi, a 2005 kuma aka cire ƙa'idar kason da ke taƙaita cinikin tufafi a duniya, atamfar Sin ta malalo mana ta kowace iyaka. KTL ta rufe a 2002, UNTL a 2007. Tun daga nan an ware asusun naira biliyan 100 na farfaɗo da masaƙu ta hannun Bankin Masana'antu, a 2019 Babban Banki ya hana masu shigo da yadi dala, a shekarar kuma aka rufe iyakokin ƙasa sama da shekara guda. Mai son ganin sakamako ya leƙa Kantin Kwari ya duba daga ina dilolin suke zuwa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Masaƙa tana cin jari mai nauyi, tana son wuta dare da rana babu yankewa, kuma injin saƙa na zamani mutum ɗaya ke kula da jeri guda. Ƙasar da ke raba megawat dubu huɗu zuwa biyar ga mutum sama da miliyan 200, wadda a watan Oktoban 2024 yawancin Arewa ta yi kwanaki a duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta, ba za ta yi gogayyar farashin yadi da Sin ba a yanzu. Ko an tayar da masaƙar, ba za ta ɗauki yawan mutanen da ta ɗauka a zamanin su Baba ba.

Ɗinki ba haka yake ba. Kowane keke sai da mutum a kansa. Wannan ne abin da Bangaladash ta gane, kuma labarinta ya daɗe yana hana ni sukuni. Ƙasa ce da audugar da take nomawa ba ta taka kara ta karya ba, sayowa take yi, har daga Benin da Mali da Burkina Faso, nan maƙwabtanmu. A 1979 wani kamfani mai suna Desh ya tura ma'aikata 130 Koriya ta Kudu, masana'antar Daewoo, suka yi watanni suna koyon aiki. Ba taka keke kaɗai suka koyo ba. Sun koyi yadda ake jera teloli a layi, yadda ake duba kaya kafin ya fita, yadda ake lissafin kuɗin riga ɗaya, yadda ake cika alƙawarin ranar da aka ce. Cikin 'yan shekaru fiye da ɗari daga cikinsu suka bar Desh, wasu suka kafa nasu, wasu suka zama manajoji a sababbin kamfanoni. Gwamnati kuma ta yi abu biyu da ba su ci mata kuɗi mai yawa ba: ta yarda mai ɗinkin fitarwa waje ya shigo da yadi da zare da maɓalli ba tare da biyan kuɗin kwastan ba, muddin kayan fita za su yi, sannan bankuna suka riƙa karɓar takardar odar mai saye a matsayin jingina don a ba tela yadi bashi. Yau mutum kusan miliyan huɗu ke cin abinci a wannan sana'a, mata da yawan gaske a cikinsu, kuma tufafi ne sama da kashi 80 cikin ɗari na abin da ƙasar ke sayarwa waje. Da ɗinki ya kafu, masaƙu da kamfanonin kaɗi suka tsiro da kansu, domin ga mai saye a bakin ƙofa.

Mu fa? Hannu muna da shi. Wanda ya san Fagge ya san abin da nake faɗa: kaftani da babbar riga da aikin wuya da 'yan kasuwar Nijar da Chadi da Kamaru ke zuwa saro. Amma kowane tela shi ne mai awo, shi ne mai yanka, shi ne mai ɗinki, shi ne mai guga, shi ne mai rigima da kwastoma daren sallah. Daga azumi zuwa babbar sallah ba a barci, bayan nan a zauna ana hira. A shagona, da na karɓi aikin kayan makaranta na raba shi, wannan hannu kawai yake haɗawa, wancan kwala, wancan maɓalli, abin da muke fitarwa a yini ya ƙaru sosai da kekunan nan da yaran nan. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne samun wanda zai tsaya a kan layin, ya san inda aiki ke maƙalewa, ya mayar da rigar da ɗinkinta ya karkace. Irin wannan mutum ba a koyar da shi a wajen ubangida, don ubangidan ma bai taɓa gani ba. Ga kuma rashin awo na bai ɗaya: lamba goma ta shagona daban da ta maƙwabcina, to yaya za mu haɗu mu cika odar riga dubu ashirin?

Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga an tara matasa a fili an raba musu kekunan ɗinki da sunan tallafi. Wasu kekunan ba sa kwana biyu sai ka gan su a kasuwa, kuma ban ga laifin yaran ba. Keke babu wuta, babu oda, babu jarin yadi, me zai yi da shi? Kuɗin da ake kashewa a irin wannan rabo ya isa a gina rumfa babba mai ɗaukar teloli ɗari biyu da sola da teburin yanka, a kuma tura matasa ɗari su yi wata shida a masana'antar ɗinki ta gaske, ko a Bangaladash ko a Masar ko a Kenya. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu. A Aba, garin masu takalma da ɗinki, an ƙaddamar da tashar wutar lantarki ta Geometric mai aiki da iskar gas a Fabrairun 2024. Wutar da unguwar teloli ke buƙata kaɗan ce idan aka kwatanta da ta masaƙa guda.

Ban manta da ɗaya fuskar labarin Bangaladash ba. A 2013 ginin Rana Plaza ya rufta kan masu ɗinki a wajen Dhaka, mutum sama da 1,100 suka rasu, kuma albashin ma'aikatan can ƙanƙane ne har yau. Ba na fatan mu kwaikwayi wannan. Yaron da ke zaune a kekena ɗan wani ne, haƙƙinsa na wuyana, kuma duk tsarin da za a yi dole ya zo da ƙofar fita idan gobara ta tashi da lada wanda zai riƙe gida.

Kasuwa kuwa ba sai mun fara da Turai ba. Yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka da Najeriya ta sa wa hannu a Yamai a 2019 tana nan tana jiran kaya. Kafin ita ma, ga kakin 'yan sanda da sojoji da 'yan hidimar ƙasa, ga kayan ɗaliban makarantun gwamnati, ga zannuwan gadon asibiti. Tun 2017 akwai umarnin shugaban ƙasa mai lamba 003 da ya ce hukumomi su fifita kayan gida, kuma ya ambaci kaki da takalma. Abin da ke kashe ƙaramin tela a irin wannan aiki shi ne jiran biya. Na san masu shagon da suka ci bashin yadi a Kwari suka yi aikin kwangila, kuɗin bai fito ba sai bayan yaransu sun watse sun koma tuƙa adaidaita sahu. Idan jiha za ta ba ƙungiyar teloli odar kayan makaranta ta shekara uku, ta ba da wani kaso tun farko, ta biya ragowar cikin wata guda da karɓar kaya, ni zan ƙara kekuna in ɗauki yara kafin damina, kuma na san masu shago da yawa a layinmu da za su yi haka.