Kunkuru ba dutse ba ne

Ina aji uku a sakandare na sayi 'yan kunkuru biyu a hannun wani mafarauci ranar kasuwa. Ko ɗaya bai cika tafin hannuna ba. Na saka su cikin kwalin taliya na nufo gida ina ta washe baki. Yau ɗaya ne ya rage, shi ɗin ma bayansa ya yi tudu-tudu saboda ɓarnar da na yi masa yana ƙarami. Tunda na ga ƙannenmu sun fara sha'awar wannan kiwo, gara ku ji inda na yi tuntuɓe.

Maganar mutanen unguwa ce ta fara ruɗa ni. Kowa cewa yake kunkuru ba ya mutuwa, ka sake shi a tsakar gida zai nemi abincinsa. Babba suka gani suke wannan magana. Irin namu na nan, mai ƙayoyi a cinya, wanda masana ke kira sulkata, ɗan yankin Sahel ne tun daga Senegal har Habasha, kuma shi ne na uku a girma a duniya, bayan na tsibiran Galafagos da na Aldabra. Babbansa yakan wuce kilo 50. Jaririn kuwa yana ƙyanƙyashewa da tsawon santimita 5 ko ƙasa da haka, kuma abin da babba zai ci ya kwana lafiya, shi yana iya kai shi lahira.

Mahaifiyata tana da tukunyar kariya a bakin ɗakinta, wannan furen mai kumburarren gindi da launin ruwan hoda. A ƙarƙashinta na yi musu shinge da bulo, wai don su sami inuwa. Kunkuru yana son abu mai launi, musamman ja, saboda haka duk furen da ya faɗo sai ƙaramin ya bi ya cinye, ni kuma ina tsaye ina dariya. Bayan kwana biyu ya daina motsi, ido a rufe, wuya ya saki. Da na kai shi wurin likitan dabbobi, tambayar farko da ya yi mini ita ce, “Yaro, wace shuka ce kusa da inda yake kwana?” Ya ce ruwan kariya yana da dafin da ke taɓa zuciya, har mafarauta a wasu sassan Afirka sun daɗe suna shafa shi a kibiya. Kafin magariba ɗan kunkurun ya mutu.

Daga ranar na daina yarda da cewa dabba ta san abin da zai cutar da ita. A daji yana da faɗin da zai zaɓa. A cikin shinge, abin da ka ajiye ko iska ta jefo shi ne abincinsa. Na zagaya gidanmu da sabon ido, sai na ga ashe guba ce ta kewaye mu. Ga tumfafiya a bayan katanga, ita ma dafinta na zuciya ne. Ga bini-da-zugu da aka yi shinge da shi, ga zurman a bola, ga zaƙami da ko mutum yake haukatawa. Ƙa'idar da na riƙe tun lokacin: duk ganyen da ka karya ya fitar da farin ruwa kamar madara, irin su tinya da aguwa, kada ya kusanci shingen. Na kicin ma ba a bar su a baya ba. Ganyen tumatir, ganyen dankalin turawa, ɗanyen ganyen rogo, ganyen gwaza, albasa da ganyen piya, duk ka kau da su. Shukar da ba ka san sunanta ba kuwa, ka bar ta inda ka gan ta.

To me zai ci? Ciyawa. Shi makiyayi ne kamar tunkiya, cikinsa na harkiya ne da ƙiri-ƙiri da gude-gude. Ka yanka masa su ƙanana, ka haɗa da ganyen kabewa da furenta, ganyen kuɓewa, da ɗan zogale. Alayyahu sai jefi-jefi, domin yana da sinadarin da ke hana jiki amfana da kalsiyam. Amma ka kula da inda kake yanko ciyawar. Ta bakin gona da aka yi wa feshi da ta gefen kwalta ba su da amfani, haka kuma kada a yayyafa fiya-fiya kusa da shi. Ni yanzu a tsohuwar roba nake shuka tawa.

Wanda ya tsira ma bai tsira daga ni ba. Tausayi ya sa na riƙa ba shi ragowar tuwo, shinkafa da wake, ayaba, kankana, har da dusar kaji. Yana ci kuwa, hannu baka hannu ƙwarya. Sai ya riƙa girma da sauri fiye da ƙima, kashinsa ya zama ruwa, kowane gida na ƙoƙon bayansa ya taso kamar dala. Wannan tudun ba ya komawa har abada.

Rashin laima shi ne ɗaya dalilin, kuma nan ne na fi jin kunya. Na ɗauka ɗan hamada ba ruwansa da ruwa. Ashe a daji da damina suke ƙyanƙyashewa, kuma yawancin yininsu a cikin rami mai danshi suke yi. Jariri yana bukatar a tsoma shi kullum cikin ruwa mai ɗumi-ɗumi na kamar minti 15, ruwan kada ya wuce haɓarsa, kana tsaye a kansa. Shi ba kififiya ba ne, ruwa mai zurfi nutsar da shi zai yi. Ka kifa masa fasasshiyar tukunya a kan ƙasa mai ɗan danshi ya riƙa shiga. In ka ga farin abu mai laushi a fitsarinsa, lafiya ce. In ya yi tauri kamar tsakuwa, ƙishirwa ta kama shi.

Rana kuma dole ce, domin da ita jikinsa ke yin bitamin D3 da ke ƙarfafa ƙashi, kuma wadda ta ratso gilashin taga ba ta wannan aiki. Hantsi ya ishe shi, da inuwa kusa. In ya kife a zafin azahar ba mai gani, shi ke nan. Ka riƙa barbaɗa masa garin ɓawon ƙwai da aka tafasa sau biyu a mako. Da hunturu ka shigar da shi ɗaki da dare, don irin namu ba ya barcin sanyi kamar na Turai, majina da ciwon huhu yake kamawa. Shingen kuma a rufe shi da waya saboda shirwa, hankaka, gafiya da kyanwa.

Wani kawuna ya taɓa zuwa da ƙusa zai huda masa baya a ɗaura igiya, kamar yadda ake yi a gidaje da yawa. Allah ya sa na hana. Ƙoƙon nan ƙashi ne mai rai, haɗe da haƙarƙari da ƙashin baya, da jini da jijiyoyi a ciki. Fenti ma kada a shafa masa. Kuma duk wanda ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu, don suna ɗauke da ƙwayar salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi. Saboda ita ne Amurka ta hana sayar da ƙananan kunkuru da ba su kai inci 4 ba tun 1975.

Da zan koma ranar kasuwar nan, da ban saya ba. Sulkata yana cikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa a daji, kuma kuɗin irina ne ke mayar da mafarauci bakin rami. In dai sai ka yi kiwon, nemi wanda aka ƙyanƙyashe a gida, ka kuma tuna yana iya wuce shekara 70, wato har da magada za a yi shawarar. Nawa yanzu da ƙyar nake ɗaga shi. Bara ya haƙa rami ƙarƙashin katanga ya ɓulla cikin lambun maƙwabcinmu, sai da na sayi siminti buhu biyu, na kuma biya kuɗin latas.