Mun ƙara cin bashi a kan gidan gadonmu don mu yi gyara

Ruwan da aka kwana ana yi wani dare a watan Agustan 2024 shi ya tona mana asiri. Da asuba na shiga gaida Hajiya, na tarar ta jingine katifarta da bango, ta jera bokiti biyu da tukunyar tuwo a tsakar ɗaki suna tarar ruwa, silin ya yi ciki yana shirin ruftowa. Katangar baya kuwa ta tsage, har hannuna yana shiga.

Gidan namu a Gwammaja yake. Tun rasuwar Baba ba a raba shi ba, amma kowa ya san rabonsa, don lissafin ya zo da sauƙi: kashi takwas ne, Hajiya na da tumuninta, ni da Yaya bibbiyu, ƙannenmu mata uku ɗai-ɗai. Sai dai takardar gidan ba ta hannunmu. Tun 2022 take banki, mun jinginar da ita Yaya ya ƙara jari a shagonsa na Kantin Kwari, kuma bai gama biya ba.

Da birkila da kafinta suka zo suka yi lissafi, na zaga Kasuwar Ƙofar Ruwa na taya kwano da rodi, jikina ya yi sanyi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 babu abin da ya tsaya a farashinsa, har buhun siminti ya taɓa haura naira 10,000 a farkon 2024. Ba mai wannan kuɗin a cikinmu. Ni na kawo shawarar a koma bankin a nemi ƙari a kan jinginar da ke can, tunda darajar gidan ta fi abin da ake bin mu.

Na zaci abu ne na sati guda, domin wahalar farko, wato takardar kotu ta magada da amincewar gwamna da dokar filaye ta 1978 ta wajabta kafin a jinginar da gida, duk mun sha ta a baya. Ashe da sauran aiki. Sai da aka sake turo mai ƙiyasta darajar gida, aka biya lauya, aka biya kuɗin hatimi saboda adadin ya ƙaru, duk daga aljihuna. Sannan bankin na marasa ruwa ne, tsarin murabaha suke yi: su sayi kayan ginin, su sayar maka da riba sananniya, ka riƙa biya wata-wata. Tsabar kuɗi ba ta shigo hannunka. Kwano da katako da siminti sun iso, amma ladan birkila da leburori babu shi a ciki. Kwasar adashin matata ce ta rufe wannan ramin, kuma har yau in mun yi 'yar saɓani sai ta tuna min.

Ranar sa hannu, ƙanwarmu ta tsakiya ta riƙe biro ta ƙi rubutu.

"Yaya, in aka kasa biya, rabon wa za a sayar?"

Ma'aikacin bankin ne ya amsa mata, cewa su ba su san tumuni ba, gida ɗaya suka sani, in ta kai ga sayarwa dukansa za a sayar. Na ji haushinta a lokacin, na ga kamar tana neman kunyata ni gaban baƙo. Hajiya ta ce, "Ke dai sa hannu, Allah zai rufa asiri." Ta sa. Yanzu na san kunya ce ta sa hannun, ba yarda ba, kuma a cikinmu shida ita kaɗai ta yi tambayar da ta dace.

Abin da muka yi a tsakaninmu da baki ne kawai: kowa zai kawo abin da ya sawwaƙa. Banki kuwa asusun albashina ya sani. Wata biyu kowa ya kawo, na uku Yaya ya ce kasuwa ba ciniki, ga nasa tsohon bashin. Mata biyu suka yi shiru, ni kuma na kasa buɗe baki in tambayi ƙanwa kuɗi a gidan mijinta. Muka fara gaisawa sama-sama.

Kawunmu ne ya tara mu a zaure bayan sallar Juma'a, ya kira mai unguwa shaida. Aka rubuta cewa tsohon bashi na Yaya ne shi kaɗai, na gyara kuma a raba shi takwas bisa rabon gado, wanda ya biya wa wani a rubuta, a cire ranar da za a raba gidan. Ni da Yaya muka ɗauke wa Hajiya nata. Takardar da ya kamata mu rubuta kafin mu taka ƙofar banki ke nan, ba ta ci mana ko awa ɗaya ba.

Daminar 2025 ta zo ta wuce, ko ɗigo bai sauka a ɗakin Hajiya ba. Biya dai da saura. Kwafin takardar yana hannun ƙanwar nan tawa, kuma duk ƙarshen wata sai ta kira ni ta ce, "Yaya, a turo min rasit ta WhatsApp."